Su a bakin teku: daga Kwatano zuwa Garan-Popo

Ƴan kasuwarmu sun daɗe da sanin Kwatano saboda tashar jiragen ruwanta. Amma yamma da birnin akwai wata hanya ta bakin teku, mai tsawon wajen kilomita 40, wadda ta kai Wida. Ana kiranta Hanyar Masunta. Daga can gaɓar ta miƙe har Garan-Popo, kusa da iyakar Togo. Yau za mu duba yadda ake su a wannan gaɓa, da abin da ke yi mata barazana.

Babban su a nan na taru ne. Da asuba, kwalekwale yana shiga teku, ya bar bakin igiya ɗaya a tudu. Ya zagaya yana zuba taru, sa'an nan ya komo da ɗaya bakin. Mutane da dama su kasu gida biyu, su yi ta ja da waƙa har tsawon awoyi. In taru ya fito, mata su sayi kifin, su yi banda, su kai kasuwa. Tsakanin Yuli da Satumba ne ruwan sanyi na ƙarƙashin teku ke tasowa sama da abincin kifi.

Mai fatsa shi kuwa wuri yake zaɓe. Kifi yana taruwa inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, kamar mashigar kogin Mono gabas da Garan-Popo, da mashigar tafkin Nokuwe a Kwatano. Yana kuma son gindin duwatsu. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma kifi ya fi cin ƙugiya sa'ad da ruwa ke cikowa, da safe ko da maraice. Sai dai a yi hattara: raƙuman ruwan wannan gaɓa suna da ƙarfi, suna janye mutum ko da ya iya iyo. Kada a juya wa teku baya, kada a je su kaɗai.

Barazana biyu ce. Ta farko zaizayar ƙasa. Teku yana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas. Tun da aka buɗe tashar Kwatano a 1965, ganuwarta ta tare rairayin, sai ruwa ya yi ta cin gaɓar gabas da gidajen da ke kanta.

Ta biyu, daga hannun mutane take. Ƴaƴan kifi suna girma ne a ruwa marar zurfi kusa da tudu, wato daidai inda taru ke bi. In idon taru ya yi ƙanƙanta, sai ya kwashe su tun ba su kai zuba ƙwai ba. Wanda ya yi haka, kamar manomin da ya cinye irin shukarsa ne. Shi ya sa Gana ta dakatar da sun kwalekwale na wata guda a 2019, domin kifi ya hayayyafa.

Mu ba mu da teku, amma muna da tafkin Madarumfa da na Tabalak. Mu bar su da sange, mu mai da ƙaramin kifi ruwa. Sange na kare iyali ne daga sauro. A bar shi a kan gado.