Abin da Ke Sa Rubutu Ya Fita Tsaf a Kan Fentin Mai

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Funtua da Malumfashi, masu zane ba su da lokacin kansu. Mai motar da ke jigilar masara daga kasuwar Dandume yana so a sabunta masa bayan mota: a zana zaki ko gaggafa ko masallaci, a ƙasa a rubuta sunan gari da addu'a. Masu shagunan taki da iri da maganin feshi, waɗanda kasuwarsu ta buɗe tun da shirin bunƙasa noma na Funtua ya kankama a 1975 da tallafin Bankin Duniya, su ma suna son allo mai hoton masara da lambar waya.

Ba kasafai ake rigima a kan hoton ba. Zaki ko bakinsa ya karkace, zaki ne. Amma idan 3 ta zuba ta koma 8 a lambar waya, ciniki ya tafi ga wani. Kuma sau da yawa ba hannun mai zane ne ya gaza ba, fentin ƙasa ne bai gama bushewa ba aka hau shi da rubutu.

Mutane na ɗauka fentin mai yana bushewa ne yadda wanki ke bushewa a igiya. Ba haka ba ne. Man da ke cikinsa shaƙar iskar oksijin yake yi, a hankali ya daskare, kuma daga sama yake farawa. Saboda haka za ka taɓa ka ji ya bushe, alhali cikinsa ɗanye ne sharaf. Ba kowane mai ne ma ke da wannan hali ba: man gyaɗa ba ya daskarewa haka, amma man waken soya, irin wanda ake nomawa a gonakin nan, yana cikin abin da masana'antu ke sarrafawa su haɗa fentin gwangwani mai sheƙi. Irin wannan fenti kan daina kama hannu cikin 'yan sa'o'i, yana son kwana guda kafin a ɗora masa wani, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai ya yi kamar mako. Na cikin bututu, wanda masu zane a kan kyalle ke amfani da shi, ya fi nawa: kwanaki ko makonni kafin a taɓa, wata 6 ko fiye kafin a shafa masa banish.

Idan aka yi gaggawa, tinar da aka sirka fentin rubutu da ita sai ta jiƙa na ƙasa. Nan take farin harafi a kan ja ya koma ruwan hoda, gefensa ya yi gashi-gashi, wani lokaci wurin ya yamutse baki ɗaya. Sanyin hunturu da laimar damina duk suna ƙara jinkirta bushewa, ga ƙurar hazo da ke mannewa, don haka ƙwararru a rumfa ko cikin shago suke aiki.

Akwai wata dabarar sauri da ya kamata mai allo ya ƙi: rubutu da fentin ruwa a kan na mai. Ranar farko kyau kamar me. Amma ba shi da abin kamawa a kan santsi, bayan rana da ruwa sun dake shi sai ya riƙa ɓarewa. Fentin mai a kan busasshen fentin ruwa yana zama. Akasin haka ba ya zama.

Sauran aikin na hannu ne. Ana ɗan goge gurbin rubutun da takardar yashi mai laushi don a kashe sheƙin, a share ƙurar. A shafa wa zare alli, a ɗaure shi, a ja a saki, ya fitar da layin sama da na ƙasa. A zayyana haruffan da alli tukuna, a ƙirga su, a kuma kira mai aikin ya karanta, don nan ne ake kama lanƙwasar ɗ ko ƙ da aka manta. Buroshin rubutu mai dogon gashi ne, yana ɗaukar fentin da zai ja ƙafar harafi a tafiya ɗaya, ba a komawa ana lasa. Wasu kan jingina hannu a kan sanda mai ƙunshin tsumma a kai don kada ya yi rawa ko ya taɓa hoton. Kaurin fenti ma abin lura ne: ya yi ruwa ya zuba, ya yi kauri ya ja tsiri-tsiri. Masu sirka shi da fetur suna cutar kansu, don yana tashi da wuri buroshi ya riƙa cijewa, ban da haɗarin gobara.

Wannan haƙuri tsoho ne a sana'ar. Jan van Eyck, mai zane na ƙasar da yau ke cikin Beljiyam, ya rubuta sunansa da shekarar 1434 a jikin bangon da ke cikin wani hotonsa na fentin mai. Hoton yana Landan, kuma har yau ana karanta rubutun rangaɗau.

Mai son gefe miƙaƙƙe ba tare da gwanintar buroshi ba yana iya amfani da salatif na takarda, amma sai fentin ƙasa ya yi ƙarfi, in ba haka ba ya ɗago hoton. A danne bakinsa da farce, a fara shafa masa launin fentin ƙasa siriri don ya toshe kafofin da fenti zai kurɗa, ya sha iska, sannan a sa launin harafi, a cire salatif ɗin tun fentin bai kame ba.

Duk wannan yana nufin mota ta kwana biyu ko uku ba ta ɗauki kaya ba, abin da mai mota ba ya son ji a tsakiyar kaka. Mai son aiki mai kyau ya kai motarsa da bazara, lokacin da lodi ya ja baya kuma zafi ke taimaka wa fenti ya kama.