Fim ɗin Dreyfus: Jami'in da ya ƙi rufe fayil

Tun fitowar J'accuse a 2019, kan masu kallo ya rabu. A Venice an ba shi babbar kyautar alƙalai. A Faris kuwa zanga-zanga aka yi, domin daraktansa, Roman Polanski, ya tsere daga Amurka a 1978 bayan ya amsa laifin lalata da 'yar shekara 13.

Labarin kansa dai tarihi ne. A 1894 kotun soja ta ɗaure Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, bisa ƙagen sayar wa Jamus sirrin Faransa. Masu yabon fim ɗin sun fi tsayawa kan Kanar Picquart, shugaban leƙen asirin soja. Shi ma ba ya ƙaunar Yahudawa, amma a 1896 ya gano cewa Manjo Esterhazy ne maci amanar. Manyansa suka ce ya ja bakinsa, ya ƙi. Aka tura shi Tunisiya, daga baya aka tsare shi. Sai 1906 aka wanke Dreyfus.

Ga ma'aikacin Abuja, batun na gida ne: akasarin mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma fayil ɗin kowannensu na kan teburin wani jami'i.