Mai ƙaramin ciki da mai neman haihuwa: wane aiki za ta riƙe, wane za ta ajiye?

Da mace ta yi ɓatan wata, shawara biyu take sha. Wata ta ce mata ta kwanta kada cikin ya zube, wata ta ce, "Mu da ciki muka yi surfe, me ya same mu?" Kowace da gyara a maganarta.

Yawancin ɓarin da ke faruwa a wata 3 na farko daga haɗuwar cikin ne tun asali, tafiya ko shara ba sa jawo shi. Don haka a daina ɗora wa wadda ta yi ɓari laifi. Kwanciya wuni guda kuwa tana ƙara kasala da taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai ciki lafiyayya shawarar motsa jiki na minti 150 a sati, wato kamar rabin awa sau 5. Macen Gwashi da ke shara, wanki da kai abinci gona ta cika wannan tuni. Abin da take bukata shi ne ragi. Ga ma'auni mai sauƙi: in kina aiki kina iya hira, ci gaba, in haki ya hana ki magana, zauna ki huta.

Abin ragewa shi ne kaya mai nauyi. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce, a raba ta biyu ko a samu mai ɗora miki. A guji hawan bishiya ko katanga, da aiki a tsakar rana, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. A riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama.

Akwai daka guda da ba ragi a cikinsa, bari ne gaba ɗaya: dakan dutsen zinare. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen cikin gidaje. Ƙurarsa tana shiga jinin uwa ta kai ga ɗan tayi, tana jawo ɓari, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta daka shi, kada ta share wurin, kada ta wanke kayan aikin maigida in ya dawo daga haƙa. Turmin da ya ga dutsen ya gama da hatsi.

Ke kuma da likita ya ba maganin neman haihuwa irin Clomid, maganin yakan sa ma'ajiyar ƙwai ta kumbura. Tafiya ba laifi, amma a bar tsalle da juyi da ƙarfi. Ciwon mara mai tsanani a gefe guda, ko kumburin ciki da amai, asibiti ne nan take, ba jiƙo ba. Haka ma zubar jini, jiri ko zazzaɓi ga mai ciki.

A nan ƙungiya take da amfani. A zaman zubi na gaba, ku tattauna ko asusun taimako zai iya biyan kuɗin niƙa a inji ga 'yar ƙungiya mai laulayi, da kuɗin mota zuwa awon farko kafin cikin ya cika wata 3. Ku ware kuma wani abu a akwati wanda za a iya fitarwa ko da tsakar dare, in ta kama a kai mace babban asibitin Bukkuyum, Gummi ko Anka.