Taɓin hankali da garkuwar jiki: abin da gwajin jini ke nunawa

Mu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal mu ake fara bugo wa waya idan wani a gida ya sami taɓin hankali. A Paiko, kamar sauran garuruwan kewayen Minna, sau da yawa maganar farko ita ce an yi masa jifa, a turo kuɗin mai magani. To amma akwai ɓangaren ciwon da likitoci ke gani a cikin jini.

Sikizofireniya ita ce cutar da mutum zai riƙa jin muryoyin da babu su, yana zargin ana bin sa, ko ya janye jikinsa daga jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300.

Idan jiki na yaƙi da cuta, garkuwar jiki kan saki wani sinadari mai suna IL-6, shi kuma ya sa hanta ta fitar da CRP. Su ne alamun kumburi a jini. A 2011 Dokta Brian Miller na Amurka ya tattara bincike da dama, ya ga IL-6 yana hauhawa lokacin da ciwon ya tashi, ya sauka bayan an sha magani. A 2014 kuma wani bincike a Ingila ya gano yaran da IL-6 ɗinsu ya yi yawa suna shekara 9 sun fi saura fuskantar irin waɗannan alamu a shekara 18.

Sai dai a kula: ba kowane majinyaci ne ke da wannan kumburin ba, kuma ba a tabbatar shi ne musabbabin ciwon ba. Zazzaɓin cizon sauro ma na ɗaga CRP, haka taba sigari da ƙiba. Don haka duk wanda ya ce maka da gwajin jini kaɗai ya gano sikizofireniya, kuɗinka yake so. An gwada ƙara asfirin a kan maganin ƙwaƙwalwa, sakamakon bai tsaya wuri guda ba, kada a saya wa mara lafiya da ka.

Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko jijjiga, yana iya zama kumburin ƙwaƙwalwa ne, a wuce asibiti a Minna ranar nan. Idan kuwa ta ɗauki watanni, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai na Yaba a Legas da na Aro a Abeokuta ga mai son ɗauko ɗan'uwansa kusa da shi.