Wuƙar Okapi ta Jamus: daga aljihun talaka zuwa akwatin masu tari

A garin Solingen na ƙasar Jamus, wanda ya yi suna wajen ƙirar wuƙaƙe da almakashi, aka soma ƙera wata wuƙar aljihu mai naɗewa cikin shekara ta 1902, aka raɗa mata suna Okapi. Sunan wata dabba ce ta dajin Kongo, ƴar uwar raƙumin dawa, irin wanda muke da shi a Kure. Tun farko don kasuwar Afirka aka yi ta: mai arha, mai ƙwari, mai saurin wasuwa. Ƙotarta itace ce, an yi mata ado da hoton wata da taurari. A bayanta akwai ƙarfe mai riƙe ruwan wuƙar idan an buɗe, sai mutum ya ja wani zobe kafin ta naɗe.

Cikin 1988 aka sayar da sunan da injunan ga wani kamfani na Afirka ta Kudu, ƙirar ta koma lardin Natal. Ana ci gaba da yin Okapi a can, amma ta Jamus ta ƙare ke nan. Duk wadda ke duniya yau, ita ce dai ta rage.

Abin mamaki shi ne wuƙar da manomi da mahauci suka ɗauka kayan aiki, wadda ƴan daban Jamaika na shekarun 1960 suka mayar abin tinƙaho, yanzu masu sha'awar tara wuƙaƙe a Turai da Amurka ke farautarta. Abin da suke dubawa da fari shi ne tambarin da ke gindin ruwan, ko na Jamus ne ko na Afirka ta Kudu. Daga nan ciniki ke tashi.

Sai dai wannan tari yana da abokan gaba. Ƙarfen Okapi mai tsatsa ne. In an bar shi ba mai, damina ɗaya ta isa. Wasawa kuma cin ƙarfe take, kuma galibin waɗannan wuƙaƙe sun yi shekaru suna yanka nama da igiya, har ruwansu ya siraɗe. In ƙarfen baya ya karye, babu masana'antar da za a aika wa. Maƙeri na iya gyara, amma mai tari ba ya son gyararriya. Ga kuma jabu da suka cika kasuwanni. Doka ma ta sa baki: a Ingila, bisa dokar 1988 da fassarar da kotuna suka yi mata, yawo da wuƙa mai kullewa ba tare da hujja ba laifi ne, saboda haka mai ita a can gida yake ajiye ta.

A ganinmu, ƙirar ba za ta mutu ba. Kamfanin Cold Steel na Amurka ya kwaikwaye ta da wuƙarsa Kudu, mai zobe iri ɗaya. Takwararta ta Faransa, Douk-Douk, wadda gidan Cognet ke ƙerawa a Thiers tun 1929, ba ta bar garinsu ba har yau. Ta Solingen ce kaɗai ke raguwa, kuma masu ita sun rabu biyu: masu cewa a shafa mata mai a rufe cikin akwati, da masu cewa a ci gaba da yanka da ita har ruwan ya ƙare.