Farin katako: me ya sa ba shi da nauyi, kuma ina ya kamata a yi amfani da shi?

A ƙasashe masu sanyi kamar Turai, Sin da Arewacin Amurka akwai wata bishiya da ake kira fofla. Tana girma da sauri, katakonta fari ne, marar nauyi. Da shi ake yin tsinken ashana, filawud da akwatunan kaya. Hatta shahararren zanen nan na Mona Lisa a kan allon fofla Leonardo da Vinci ya yi shi.

Fofla ba ta son zafin ƙasarmu, amma muna da makamantanta guda biyu: obece, da ake kawowa daga dazuzzukan kudu, da kuma malaina, wadda asalinta daga yankin Indiya take. Ire-irensu ne kafintocin Ƙaraye da Rogo ke cewa farin katako, ko an saye su a gida ko an yi lodinsu daga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano.

To, daga ina rashin nauyin ya fito? Idan aka duba katako da madubin ƙara girma, za a ga tarin 'yan bututu ne kamar daurin kara. A maɗaci bangon bututun yana da kauri. A obece da fofla kuwa siriri ne, iska ce ta cika cikinsa. Shi ya sa busasshen obece mai mita ɗaya ta kowane ɓangare bai cika wuce kilo 400 ba, alhali maɗaci yakan haura 700.

Wannan laushin shi ne daɗinsa: yana yankuwa cikin sauƙi, ba ya tsagewa idan an buga ƙusa, kuma yana karɓar fenti. Ya dace da silin, allon makaranta, cikin kujerun kushin da katakon zuba kankare.

Matsalar tana wajen danshi da ƙwari. Gara da ƙwaron nan mai mayar da katako gari suna son obece sosai. Ita kuwa malaina tana daɗewa ba ta bushe ba, amma idan ta bushe ba ta cika lanƙwashewa ba.

Don haka in rufin ɗaki za ka yi, kada arha ta ruɗe ka. Nemi busasshen katako, a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora kwano, kuma kada ya taɓa ƙasa. Ginshiƙi da ƙyauren waje kuma, gara ka ƙara kuɗi ka sayi jan katako.