Jakar Iska a Ƙarƙashin Mota Mai Ɗaki: Fa'idarta da Haddinta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta kafu a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda kuma har yau sai ƙara bunƙasa take yi, ita ce mutum ya sayi motar da aka gina wa ɗaki a bayanta, da gado da murhu da makewayi da tankin ruwa, domin idan lokacin hutu ya kama ya kwashi iyalinsa su nausa, duk inda dare ya riske su nan ne masaukinsu. Da yawa daga ma'abota wannan sha'awa dattawa ne da suka ajiye aiki, waɗanda suka zuba tarin guminsu a cikin motar suna fatan samun natsuwa, amma da zarar sun hau babbar hanya sai su tarar da al'amarin da ba su yi zato ba: motar tana rangaji a kwana, tana zillewa gefe idan tirela ta gifta ta, bayanta yana sukuwa a kan kowane gargada, har direba ya isa masauki kafaɗunsa sun yi tsami saboda kokawa da sitiyari. Maganin da ya fi shahara a wurin kanikawan can shi ne a ɗaura wa motar jakunkunan iska a ƙarƙashinta. Magani ne na gaskiya, ina kuwa ganin ya cancanci kuɗinsa, sai dai yana da haddin da ba ya ƙetarewa, kuma jahiltar wannan haddi ta fi cutar da ake neman warkarwa hatsari.

Ba za a fahimci maganin ba sai an san asalin cutar. Galibin motoci masu ɗaki na Turai ba a ƙera ƙarƙashinsu domin zama gida ba. Motocin dakon kaya ne aka ɗora wa gini, mafi yawansu kuwa a kan Fiat Ducato, wadda aka fara ƙerawa a shekarar 1981 a masana'antar Atessa ta ƙasar Italiya, saura kuma a kan irinsu Mercedes Sprinter da Ford Transit. Ita motar dako ɗabi'arta ita ce ta fita da safe a cike ta komo da maraice ba komai, saboda haka sifirin ɗinta na baya, watau ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsakanin firam da aksul, yana samun hutu kullum. Wadda aka mayar gida kuwa ba ta san hutu ba, domin tun ranar da ta fito daga hannun magina nauyin bango da kabad da firji da batura yana kanta dare da rana, tana tafiya ko tana ajiye, shekara da shekaru, har ƙarfen ya gaji ya miƙe, firam ya sauko ya zauna a kan ɗan dunƙulen robar da aka tanada domin tare bugu mai tsanani. Daga wannan lokaci motar a kan roba take tafiya, sifirin ya zama suna kawai. Ga kuma tsayin ginin, wanda yakan kai mita 3, yana ɗaga cibiyar nauyi sama, ga faɗin bangon da iska take samu ta tura yadda ta ga dama.

Akwai kuma wata illa da ba kowa ne yake lura da ita ba, alhali lissafinta ba shi da wuya. Magina, saboda son yalwata ɗaki, sukan bar gini mai tsawo ya zarce ƙafafun baya, a can ƙarshe kuma su yi rumbun ajiya, inda mai mota yake cusa babur ko kekuna da kujeru da tulun gas. A ƙaddara tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 4 ce, wadda ita ce kusan tazarar doguwar Ducato, a kuma ƙaddara an rataya babur mai kilo 100 a nisan mita 2 bayan aksul na baya. Aksul ɗin nan ba kilo 100 zai ɗauka ba, kilo 150 zai ɗauka, ƙarin hamsin ɗin kuwa daga ƙafafun gaba aka zare shi. To, ƙafafun gaban nan su ne masu juya akalar mota, a Ducato ma su ne masu janta, ashe ke nan kowane kaya da aka ƙara a wutsiya yana rage riƙon da tayoyin gaba suke yi wa ƙasa, yana ɗaga fitila ta dinga kashe wa masu tahowa ido, yana sa sitiyari ya yi sakayau a hannu daidai lokacin da ake bukatar ya yi nauyi.

Hikimar da aka gina jakar iska a kanta tsohuwa ce. Tun a shekarar 1662 masanin nan Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar cewa iskar da aka tsare a cikin mazubi, matuƙar zafinta bai sauya ba, idan aka matse ta ta koma rabin wurin da ta cika, to ƙarfin turinta zai ninka. Duk wanda ya taɓa toshe bakin zugazugin maƙeri sa'an nan ya danna shi ya san wannan a hannunsa: da fari yana bi cikin sauƙi, amma gwargwadon dannawa gwargwadon taurinsa, har ya ƙi motsi. Wannan ɗabi'a ita ake nema a ƙarƙashin mota, ta zama mai laushi a kan ƙananan duwatsu, mai tauri idan nauyi ya afka mata gaba ɗaya. Fa'ida ta biyu kuwa, wadda ƙarfe ba zai taɓa bayarwa ba, ita ce ana iya ƙara wa jaka ƙarfi ko a rage mata bisa ga kayan da aka ɗauka a wannan rana. Ma'aunin matsin iska da ake kira bar yana daidai da kimanin nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Saboda haka jakar da fuskarta ta kai murabba'in santimita 150, alal misali, idan aka hura mata bar 2 za ta tallafi kimanin kilo 300, biyu kuwa su sauke wa sifirin kilo 600.

Masu manyan motocin fasinja ne suka fara cin moriyar wannan sosai. A shekarar 1953 kamfanin General Motors ya fito da bas mai tafiya a kan iska, kamfanin sufuri na Greyhound ya cika hanyoyin Amurka da ita, daga nan abin ya yaɗu har ya zama shi ne ƙa'ida a manyan bas na doguwar tafiya da tireloli masu yawa, ciki har da waɗanda muke gani a hanyoyinmu. An jarraba shi a motar ƙasaita ta Cadillac a 1957, amma yoyon iska ya kunyata shi, aka jingine cikin 'yan shekaru. A fagen motoci masu ɗaki kuwa, wadda kamfanin GMC ya ƙera daga 1973 zuwa 1978, mai ƙafafu bibbiyu a jere a kowane gefe na baya tare da jakar iska, har gobe tana da masoya saboda laushin tafiyarta.

Abin da ake ɗaurawa a yau iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi araha ya kuma fi yawa, mataimaki ne kawai: a kwance dunƙulen robar nan, a sa jakar roba mai ƙarfin zare a gurbinsa, ɗaya dama ɗaya hagu, sifirin yana nan a matsayinsa, aiki ne na yini ɗaya ko ƙasa da haka a wurin bakaniken da ya san hannunsa. Kamfanoni irinsu Dunlop a Ingila, da Goldschmitt a Jamus, da VB-Airsuspension a Holan, da Firestone da Air Lift a Amurka, duk suna sayar da shi a shirye daidai da samfurin mota. Wani yakan wadatu da bawul irin na taya ya dinga hurawa da famfo, wani kuma ya sa ɗan kwamfuresa da ma'auni kusa da kujerar direba. A nan akwai wata mas'ala da ta wajaba a tsaya a kanta, domin a wurinta ne mai neman sauƙin kuɗi yake yin hasara. Idan aka haɗa jakunkunan biyu da tiyo guda, to a lokacin da mota ta shiga kwana ta jingina a gefe ɗaya, iskar jakar da aka danne sai ta gudu ta koma wadda ba a danne ba, watau mai tallafi ya janye a daidai sa'ar da ake bukatarsa. Mota za ta ɗago, amma rangajin yana nan. Idan kuwa kowace jaka tana da tiyonta da bawul ɗinta, iska ba ta da mafita, dole ta tsaya ta tura, sai motar ta miƙe. Da wannan ne kuma ake daidaita motar da gefe ɗaya ya fi nauyi saboda murhu da tankin ruwa, tankin lita 100 kuwa kilo 100 ne cif idan ya cika. A ra'ayina wanda bai raba tiyo ba ya sayi rabin magani ne.

Iri na biyu shi ne a cire sifirin baki ɗaya, mota ta hau kan iska zalla, da na'urori masu auna tsayinta da 'yar kwamfuta mai ƙara iska ko rage ta ba tare da an umurce ta ba. Tsadarsa ta ninka ta na farko sau da yawa, amma mai shi yana iya durƙusar da mota domin loda kaya, ya ɗaga wutsiyarta kada ta kartu a gangaren shiga jirgin fito, ya kuma daidaita ta a masauki mai tudu, abin da firjin gas yake bukata kafin ya yi sanyi yadda ya kamata.

Wanda aka yi wa aikin da kyau lalle yakan ji bambanci tun daga shataletalen farko. Mota ta koma tsayin da maƙeranta suka nufa, sifirin ya sami filin yin aikinsa, bugun nan mai girgiza kwanuka ya lafa, tirela ta wuce ba tare da gaban direba ya faɗi ba. Amma jakar iska ba ta maye gurbin shokazoba, domin ita tallafi take yi, shi kuwa shokazoba shi ne mai kwantar da sukuwa, idan ya mutu sai mota ta yi ta lilo a kan iskar. Haka nan ba ta gyara tayar da ta tsufa ko wadda iskarta ta gaza. Wuce gona da iri wajen hurawa kuma yana ɗaga cibiyar nauyi ya taurara baya, a koma neman maganin magani.

Yanzu sai babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A jikin kowace mota akwai ɗan allon da maƙera suka rubuta iyakar nauyinta duka, da iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka, kuma jakar iska ba ta sauya ko harafi ɗaya daga cikin wannan rubutu. Haddin da aka daɗe ana bi a Turai ga mai lasin tuƙi na yau da kullum shi ne kilo 3,500, shi ya sa magina suke cusa gidajensu a ƙarƙashin wannan adadi, har rarar da ta rage domin mutane da ruwa da guzuri a wasu motocin ba ta wuce kilo 300 ko 400 ba. A da, idan mutum ya yi lodin ganganci, mota takan faɗa masa da kanta, bayanta ya durƙusa kowa ya gani. Yau kuwa sai ya danna maɓalli ta miƙe tsaf, zahirinta lafiya, alhali a baɗini tayoyi da birki da aksul suna ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu, kilo 150 ɗin nan na babur yana nan a kan aksul na baya, domin ɗaga wutsiya ba ya mayar da nauyi gaba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ɗora iyalinsa a kan irin wannan mota ya shiga hanya da ita, rayukansu da na sauran matafiya amana ne a wuyansa, tayar da ta fashe ana tsakiyar gudu kuwa ba ta duba kyawun tsayuwar mota. Gaskiya ne ana iya ƙara haddin wasu motoci bisa doka, har jakar iska takan zama ɗaya daga sharuɗɗan yin haka, amma sai injiniya ya tabbatar, wani lokaci a sauya tayoyi, hukuma ta amince, irin su TÜV a Jamus, a buga sabon allo, a kuma duba ko lasin direba ya kai. A Birtaniya, wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 yana da izinin kilo 7,500, na bayansa kuwa sai ya sake wata jarrabawa. Sanar da kamfanin inshora duk wani sauyi da aka yi wa ƙarƙashin mota shi ma wajibi ne.

Masu tsofaffin motoci suna da ƙarin abin kiyayewa. Kafin zuwan birki mai kwamfuta, ana sa wani bawul a baya mai gane nauyin kaya ta hanyar saukowar firam, idan mota ta sauko ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da an ɗaga ta da iska sai bawul ɗin ya ɗauka ba kaya, ya rage birki alhali mota tana cike maƙil, don haka dole bakanike ya sake saita shi a ranar da ya ɗaura jakar.

Tsarin da ya dace, ke nan, shi ne a fara da sikelin motoci kafin a je gareji: a loda mota kamar ranar tafiya, da mutane da ruwa da mai, a auna gaba daban, baya daban, a gwada da abin da ke rubuce a allo. Idan baya ya zarce, a sauke kaya ko a matso da masu nauyi ƙasa-ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, sa'an nan a yi batun iska. Bayan an ɗaura kuma, kada a bar jaka ta zauna fayau, domin takan naɗe ta goge jikinta ta huje. A bar mata mafi ƙarancin iskar da maƙerinta ya ƙayyade ko da mota tana ajiye duk tsawon hunturu, a nisanta tiyo da salansa da bakin ƙarfe mai kaifi, idan kuma allurar ma'auni ta dinga sauka cikin dare, a shafa ruwan sabulu a mahaɗan tiyo, inda kumfa ta taso nan ne yoyon yake.